Baƙin dare a tankin kifin teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda, ina kuma da tankin gilashi na ruwan gishiri mai kifaye da murjani (halittar nan ta teku mai rai da ke yin rassa kamar itace). Shekaranjiya da daddare na haska tocila, sai na ga wata tsutsa ruwan hoda, tsawon ɗan yatsa, da fararen gashi gefe da gefe kamar shanshani, tana lallaɓowa daga ramin dutse. Ga kuma wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu lanƙwasasshen baya suna ta guje-guje. Ni dai ban zuba su ba. Daga ina suka zo, kuma in kashe su ne?
Mai karatu daga Jidda

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Don Allah dakata da maganar kisa. Duwatsun tekun da aka sayar maka cike suke da ramuka, a ciki baƙin nan suka ɓuya suka biyo ka gida.

Yadda ka siffanta tsutsar, na fi kyautata zaton irin wadda masana ke kira Eurythoe complanata ce, ko wata 'yar'uwarta. Aikinta shara. Ragowar abinci da duk abin da ya mutu ya maƙale a lungun da hannunka ba ya kaiwa, ita ke cinyewa kafin ya ruɓe ya ɓata ruwa. Raina yana sosuwa idan na ji an ɗora mata laifin kashe kifi don kawai an same ta a kan gawarsa. Kifin ne ya riga ya mutu, wari ya jawo ta. In ka ga sun yi yawa, to abincin da kake zubawa ne ya wuce kima. Rage shi, su ma za su ragu.

Sai dai kada ka taɓa ta da hannu tsirara. Gashin nan yana karyewa a cikin fata, ya yi ta zafi da ƙaiƙayi. Sa safar hannu ta roba duk lokacin da za ka juya dutse. In tsautsayi ya gitta, manna salatef a wurin ka ɗago gashin, sannan ka jiƙa yatsan cikin ruwan khal, wato binega (vinegar).

Ƙananan ƙwarin kuwa dangin jatan lande ne, kifayenka ma farautarsu suke yi. Haka in ka ga fararen zare suna miƙowa a kan yashi suna jan ɓurɓushi zuwa rami, wata tsutsar ce mai kalen ragowar abinci, ƙyale ta.

Guda biyu nake so ka sa wa ido. Ta farko Hermodice carunculata, mai jajayen tuntaye a jere a gefenta da wani tudun nama a ka. Tana cin murjani, takan bar kan reshensa fari fat, amma gidanta Tekun Atlantika ne da Bahar Rum, ba kasafai ake samunta a tanki ba. Ta biyu dangin Eunice: gashin baki biyar a ka, fata mai sheƙi, muƙamuƙi mai kaifi, kuma da haske ya taɓa ta sai ta koma rami kafin ƙiftawar ido. A 2009, a gidan kallon kifi na Newquay da ke Ingila, sai da ma'aikata suka wargaza duwatsun wani tanki kafin su gano wata da ta haura mita ɗaya, wadda ta daɗe tana yi wa murjani da kifaye ɓarna.

Yadda za ka tantance: bari fitilu su yi kamar awa biyu a kashe, ka ɗaure jar leda a bakin tocila, domin yawancin halittun nan ba su cika ganin jan haske ba. Ajiye ɗan yankan jatan lande kusa da ramin, ka zauna shiru, kuma kan tsutsar za ka duba, ba jikinta ba. In Eunice ce, kada ka ja ta da hantsaki, tsinkewa za ta yi ta bar kanta a ciki. Ciro dutsen ɗungurungum ka sa shi a bokitin ruwan gishiri daban, ka yi maganinta a can.