Injinmu yana tafiya a Windows: mu riƙe Linux da macOS ko mu sauke su?

Tambaya: Malam, mu uku ne muke rubuta ƙaramin injin wasannin kwamfuta da harshen C++. Dukkanmu a Windows muke aiki, da Visual Studio muke haɗa komai. Wata shida da suka wuce wani ya taimaka ya sa injin ya tashi a Linux da macOS, sai muka rubuta a takardar bayani cewa yana aiki a dukkan ukun. Mutumin ya kama gabansa, yanzu kullum sai an kawo mana ƙorafi cewa kod ɗin ya ƙi haɗuwa ya zama manhaja mai tashi. Mu cire biyun ne, ko akwai dabarar riƙe su?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya faru wata shida baya shi ne injin ya tashi sau ɗaya a kwamfutar mutum ɗaya. Tun daga ranar kuna ta zuba sabon kod, babu wanda ya sake leƙa wancan ɓangaren. A wannan sana'a tsarin da ba a haɗa shi kullum ruɓewa yake yi a hankali, ko da babu wanda ya taɓa shi da gangan.

Ni ma na sha wannan. Na taɓa kwana biyu ina farautar dalilin da ya sa jarumin wani wasa yake fitowa baƙi ƙirin a Linux, alhali a Windows lafiya lau. Na zargi direban katin hoto, na zargi kod ɗin haske, har na fara zargin idona. Ashe sunan fayil ɗin hoton da babban baƙi ya fara, kod kuma da ƙaramin baƙi yake nemansa. Windows ba ruwansa da wannan bambanci, macOS ma haka yake zuwa daga kamfani, amma a Linux sunaye biyu ne daban. Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Da akwai na'urar da ke gwada mana a Linux tun ranar da aka saka hoton, da a ranar za a kama shi, mai laifin ma bai tashi daga kujera ba.

To wannan na'urar ce farkon abin da za ku kafa. Duk wanda ya tura sabon kod, sai ta haɗa shi a Windows da Linux da macOS, in ɗaya ya faɗi kada a karɓi aikin. GitHub Actions, hidimar gwaji ta shafin ajiye kod na GitHub, yana ba da kwamfutocin ukun, kuma kyauta ne idan kod ɗinku a buɗe yake ga kowa. Ku ƙara ccache ko sccache don kada a riƙa sake haɗa abin da bai canza ba, domin in jira ya yi tsawo, ku da kanku za ku fara tsallake gwajin.

Sai dai na'urar ba za ta yi amfani ba idan bayanin yadda ake haɗa injin ya rabu gida biyu. Ina kyautata zaton kuna da fayil ɗin Visual Studio da kuke gyarawa da hannu, sannan ga wani Makefile, wato fayil ɗin umarnin haɗawa, da mutumin ya bari wanda bai san da sabbin fayilolinku ba. Ku mayar da su bayani ɗaya. CMake shi ne zaɓin da zan ba ku: daga rubutu guda yana fitar da aikin Visual Studio, da na Xcode, da na Ninja, don haka ba za ku rabu da wurin aikin da kuka saba ba. Rubutunsa ba shi da daɗin karatu, wannan kowa ya sani, amma yawancin laburaren C++ sun san da zamansa. Injin Godot da SCons yake aiki, injin Unreal kuwa nasa ya ƙera, UnrealBuildTool, amma mutum uku kada su yi sha'awar ƙera nasu. Kowane laburare na waje kuma ku ɗaure shi a siga ɗaya takamaimiya, ba "na baya-bayan nan" ba.

Buɗe taga, karanta kibod da linzami da abin riƙe wasa, fitar da sauti, duk ku bar wa laburaren SDL. Tun 1998 ake gogarsa, siga ta 3 ta fito a farkon 2025, kuma shi zai ɗauke muku rigimar X11 da Wayland, tsare-tsaren nuna taga guda biyu na Linux. Abin da ya rage na kowane tsari ku killace shi a foldarsa, kada #ifdef, umarnin da ke ware kod na kowane tsari, ya bazu cikin kod ɗin zane da na motsi. A cikin injin ku riƙe sunayen fayil a tsarin rubuta haruffa na UTF-8, sai a bakin ƙofar Windows ku juya su zuwa UTF-16. Gwaji mai sauƙi: ku ajiye wasan a foldar da sunanta ke da ƙ ko ɗ da sarari a tsakiya, ku ga ko zai tashi.

Tarkon Linux ɗaya ne babba. Abin da aka haɗa a sabon tsari yakan ƙi tashi a tsoho, ya ce bai ga sigar da yake nema ta glibc, laburaren tushe na Linux, ba. A tsohon tsari ake haɗawa, sai ya yi aiki a sabbin. Steam Runtime na Valve, kamfanin da ke da kasuwar wasanni ta Steam, don wannan aka yi shi.

macOS ne mai cin rai, kuma nan nake so ku yi lissafi da kyau. Apple ba ya jiran kowa. A 2018 ya ce OpenGL, hanyar zane da katin hoto, ya tsufa, kuma nasa a siga 4.1 ya tsaya, don haka ko ku rubuta da Metal, hanyar zane ta Apple, ko ku bi ta MoltenVK mai juya Vulkan zuwa Metal in da Vulkan kuke zane. A 2019 macOS Catalina ya daina tayar da manhajojin 32-bit gaba ɗaya, tsoffin wasanni da yawa suka mutu a nan. A ƙarshen 2020 M1, sabon furosesan Apple, ya zo, aka koma haɗa kod ɗinsa (arm64) da na Intel (x86-64) a fayil guda. Ga sa hannu a manhaja da tura ta ga Apple ya tantance, in ba haka ba Gatekeeper, mai gadin macOS, ya tare ta a gaban mai wasa, kuma rajistar da ke ba da wannan dama dala 99 ce a shekara. Bayan duk wannan, na'urar gwaji za ta gaya muku kod ya haɗu ne kawai. Ko inuwa ta fito daidai, ko taga ta rikice a allon Retina, sai mutum ya zauna gaban Mac ya gani da idonsa.

Shawarata ke nan: ku riƙe Linux. Masu wasa a cikinsa kaɗan ne, ƙididdigar Steam tana nuna sama da kashi 90 a Windows suke, Steam Deck ma, na'urar wasa ta hannu mai Linux, yana tafiyar da wasannin Windows ta manhajar Proton. Ribar a wani wuri take: GCC da Clang, kompailolin da ke haɗa kod a Linux, suna kama sakacin da MSVC na Visual Studio yake kau da kai a kansa, kuma kowannenku zai iya saka Linux a kwamfutar da ke gabansa yau.

macOS kuwa, in babu mai Mac a cikinku, ku bar shi a na'urar gwaji don kada ya ruɓe, amma ku sauke shi daga matsayin alkawari. A takardar bayani ku rubuta cewa Windows da Linux ana haɗa su ana kuma gwada su kafin kowace fitarwa, macOS yana haɗuwa amma babu mai gwada shi, ana neman wanda zai ɗauki nauyinsa. Ku ambaci mafi tsufan siga da kuka yarda da ita a kowane tsari, da sigar CMake da ta kompaila. Duk wanda ya kawo ƙorafi daga yanzu, ku fara neman waɗannan lambobin daga gare shi, tare da layin farko na saƙon kuskuren, ba na ƙarshe ba.