Zan koma Ingila da iyalina: ina matsayin gadona da yaran da ke hannun tsohuwar matata?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ma'aikacin jinya ne a Daura, na samu aiki a wani asibiti a Ingila, takardu sun kusa kammala. Niyyata in tafi da iyalina gaba ɗaya, mu zauna can har mu zama 'yan ƙasar. Ina da mata ɗaya da 'ya'ya 3 tare da ita, sai 'ya'ya 2 da matata ta fari wadda muka rabu, namiji mai shekara 11 da mace mai shekara 8, suna hannunta a Katsina. Ta ƙi yarda a fitar musu da fasfo. Wani malami ya ce mini a shari'a idan uba zai ƙaura yana da ikon tafiya da 'ya'yansa, don haka ina so in kai ta kotu. Sannan yayana yana cewa ranar da na karɓi fasfon Ingila na fita daga gadon gonar mahaifinmu, domin na zama baƙo. Wanda ke taimaka mini da takardu kuma ya ce in je kawai in yi rantsuwa cewa yaran a hannuna suke. Mene ne matsayina?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya sa alheri a tafiyar. Abin da zan faɗa na gina shi ne a kan abin da ka rubuto. Ban ga takardar sakinku ba, ban kuma ji ta bakin uwar yaran ba, saboda haka ka ɗauke shi a matsayin haske, ka kuma zauna da lauya ya duba takardunka kafin ka ɗauki mataki.

Zancen yayanka shi ya fi sauƙi, bari mu kawar da shi. Idan a Najeriya aka haife ka kuma iyayenka 'yan ƙasa ne, to kai ɗan Najeriya ne ta haihuwa a ƙarƙashin sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 28, wanda mutane ke yawan ambatawa ba tare da sun karanta ba, yana magana ne a kan wanda ya zama ɗan Najeriya ta rajista ko ta neman zama ɗan ƙasa. Shi ne zai rasa matsayinsa idan ya je ya ɗauki na wata ƙasa. Kai ba ya taɓa ka. Ingila ma ba ta ce sai ka ajiye fasfonka na Najeriya kafin ta ba ka nata ba. Kana iya riƙe biyun. Wanda kuma matarka ta haifa a can ɗan Najeriya ne ta dalilinku, ko da yake haihuwa a Ingila kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan ƙasar tun daga 1983, sai idan ɗaya daga cikin iyayen ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin.

Gado kuwa shari'ar Musulunci ce ke raba shi, kuma launin fasfo ba ya cikin abubuwan da ke hana mutum gado. Rabonka ya tabbata tun ranar da mahaifinku ya rasu. Ban san ko yayanka rashin sani ne ya sa shi faɗin haka ba ko wani abu ne daban, amma maganar da ake yi wa mutum yana shirin barin gari ta cancanci a kula da ita. Shawarata a raba gonar kafin ka tashi, a gaban shaidu da mai unguwa ko dagaci, a rubuta iyakoki, kowa ya sa hannu, in da hali a kai kotun shari'a ta tabbatar. Sannan ka ba wani amintacce takardar wakilci mai iyaka, wadda ta ce ya kula ya kuma bayar da haya, ban da sayarwa.

Inda zancen yayanka zai iya samun ƙafar tsayawa shi ne idan ka yi abin da babu wanda ya tilasta maka, wato ka je ka ajiye zamanka ɗan Najeriya da kanka a ƙarƙashin sashe na 29. Ana yin wannan ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma da zarar an yi rajistar furucinka ka zama baƙo: sai da biza za ka shigo Daura, kuma Kundin bai tanadi wata gajeriyar hanyar dawowa ba. Ga kuma hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 2017 a kan wani fili a Kajuru ta jihar Kaduna, inda ta nuna cewa baƙo ba shi da damar mallakar ƙasa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kamar yadda ɗan ƙasa ke da ita. Don haka ka cire tunanin sauya zamanka ɗan Najeriya da na Ingila daga ranka. Ƙara na Ingila za ka yi a kan naka, idan lokacin ya zo. Lokacin kuma da saura: bisa tsarin da aka saba, shekara 5 ne kafin izinin dindindin, sannan yawanci a ƙara shekara ɗaya kafin neman zama ɗan ƙasa, kuma a 2025 gwamnatin Ingila ta bayyana niyyar tsawaita wa'adin zuwa shekara 10 ga mutane da yawa. Ka duba abin da ke aiki a ranar da za ka nema.

Yanzu ga inda nake ganin ka fi yin kuskure, wato batun yaran nan biyu.

Malamin da ya yi maka bayani bai ƙirƙiri maganar ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, akwai maganar cewa idan waliyyin yaro zai yi tafiyar ƙaura mai nisa, wadda littattafai suka ƙiyasta da baridi shida, wato sama da kilomita 100, yana iya tafiya da yaron idan mai riƙon ba za ta bi su ba. Amma an gindaya sharuɗɗa: ƙaurar ta kasance ta zama ce ta gaske, hanya ta zama amintacciya, wurin da za a je ma haka. Kai kuma a yau bizar aiki gare ka, wadda ke rataye da asibitin da ya ɗauke ka. Idan aikin ya tsaya, zamanka na iya tsayawa. Alƙali na iya tambayarka ko wannan ƙaura ce tabbatacciya, wa zai kula da yarinya 'yar shekara 8 lokacin da kake aikin dare, ina za su yi karatun addini, kuma yaushe za su ga mahaifiyarsu. Asalin hukuncin dai shi ne riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ko da uwar ta yi wani auren, riƙon ba ya faɗowa hannunka kai tsaye, mahaifiyarta ce ke gaba. Ba na cewa ba za ka iya yin nasara ba. Ina cewa ba abu ne da za ka shiga kotu da safe ka fito da shi da azahar ba, kuma duk wanda ya sha kaye yana da damar ɗaukaka ƙara har gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, lokacin kuwa ranar fara aikinka ta daɗe da wucewa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda na lura ba ka sani ba, shi ne ko ka ci shari'ar a Katsina, ofishin bizar Ingila ba ya aiki da hukuncin baridi shida. Ƙa'idarsu ita ce yaro ɗan ƙasa da shekara 18 yana bin iyayensa ne idan su biyun suna tafiya ko suna can. Idan ɗaya ne kawai, sai ya nuna cewa ɗayan ya rasu, ko shi kaɗai ke ɗauke da alhakin tarbiyyar yaron, ko akwai wani dalili mai tsananin ƙarfi. 'Ya'yanka 3 da matarka ta yanzu ba su da wannan matsalar. Waɗannan biyun kuwa suna kwana a gidan uwarsu, ita ke kai su asibiti, ita malaman makaranta suka sani. Aika kuɗin abinci da na makaranta, ko da ba ka taɓa fashi ba, ba shi ne ɗaukar alhaki kai kaɗai ba a ma'aunin su. Har ma takardar amincewarta, wadda kake ta faɗa a kai, za ta iya isa a fitar da fasfo a ofishin Hukumar Shige da Fice amma ta kasa isa a ba da biza. Ka ga ke nan za ka iya kashe kuɗi da zumunci a kan abin da ba zai buɗe ƙofar da kake so ba.

Shi kuwa mai taimaka maka da takardu, ka yi nesa da shawararsa. Rantsuwa a kan ƙarya laifi ne a dokarmu. A can kuma, idan aka gano yaudara a takardar neman biza, ana iya hana mutum shiga har shekara 10, kuma ko bayan an ba shi zama ɗan ƙasa ana iya ƙwacewa idan da ƙarya ya samu. Kiran waya ɗaya zuwa makarantar yaran ya isa ya tona asirin. Shi zai karɓi kuɗinsa ya koma shagonsa, kai da lasisinka na jinya za ku ɗauki sakamakon. Haka nan kada ka yi tunanin ɗauko yaran da sunan hutu ka wuce da su. Kotunan iyali na Ingila suna ɗaukar irin wannan da zafi, kuma suna iya umartar a mayar da yaro.

Ina kuma so ka dubi ƙin da ta yi da idon adalci. Ana neman uwa ta sa hannu 'ya'yanta su tafi inda ba za ta iya zuwa ba sai da bizar da ƙila ba za ta samu ba. Mai yiwuwa tana da taurin kai, ban sani ba, amma ƙin sa hannu a wannan hali ba shi ne hujjar hakan ba.

Abin da nake ba ka shawara shi ne sulhu, kuma ka fara shi ta hannun manya, kada ka fara da sammaci. Ka nemi waliyyinta da wani dattijo daga ɓangarenka da take ganin girmansa, ku zauna. Ka je da tayi a hannu. Misali yaran su ci gaba da zama wurinta a yanzu, ka faɗi adadin abin da za ka riƙa turowa duk wata da ranar turawa, ka ɗauki kuɗin makaranta da na magani, a sa lokacin waya, a amince su riƙa zuwa wurin danginka a Daura lokacin hutu. A madadin haka ita kuma ta yarda a fitar musu da fasfo, a ajiye shi hannun wanda kuka amince da shi ku biyun, a kuma sa lokacin da za a sake zama a duba batun karatun namijin idan ya gama ƙaramar sakandare. Ka tuna da iyakar shekara 18 ɗin nan, domin bayanta hanyar bin uba ta rufe, sai dai ya nema da kansa ta karatu ko aiki. Idan kun daidaita, ku rubuta ku kai kotun shari'a ta mayar da shi hukuncin sulhu, yadda kowa zai iya komawa gare shi idan ɗaya ya saɓa.

Sauran abubuwan na yau da kullum ne, ka san su: takardun haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, lambar NIN ga kowa, takardar aure, gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. Ka dai tabbata sunaye da ranakun haihuwa sun zo ɗaya a kowace takarda, domin Muhammad a nan da Mohammed a can yana iya jawo tsaiko. Ka kuma duba takardar ɗaukar aikinka da kyau ka ga a wane matsayi aka rubuta ka. Tun Maris 2024 waɗanda aka ɗauka a matsayin masu kula da tsofaffi da marasa lafiya ba sa iya tafiya da iyali, ma'aikatan jinya masu rajista kuwa suna iyawa. Idan a rukunin farko aka sa ka, to har matarka da 'ya'yan nan 3 maganarsu ta canza, kuma gara ka gano haka tun kafin ka sayar da mota ko ka ajiye aikinka na Daura.