Harin intanet ya durƙusar da kamfaninmu: zan iya kai ƙasar da ta yi shi kotun Hague?

Tambaya: Barista, wata muguwar manhaja ta kulle duk kwamfutocin kamfaninmu na jigilar kaya. Ana cewa wata ƙasa da ke yaƙi da maƙwabciyarta ce ta sako ta. Tunda mu fararen hula ne, ina so in kai ta ƙara Hague.

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Amma a iya abin da ka faɗa mini, wannan hanya ba ta ɓullewa.

Kotuna biyu mutane ke ɗauka ɗaya ce a Hague. Kotun Duniya ƙasashe kaɗai take saurara. Kotun Manyan Laifuka kuwa mutane take tuhuma, ba ƙasa ba, kuma kai ba ka shigar da ƙara. Iyakarka ka aika wa mai gabatar da ƙara bayani.

Gaskiya ne Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 kan dokokin yaƙi da ƙarin da aka yi musu a 1977 sun kare farar hula da dukiyarsa, kuma galibin masana na ganin kariyar ta shafi intanet. Sai dai bam da harsashi aka tuna da aka rubuta su. Shin goge bayanai "hari" ne? Har yau ana jayayya. Kundin Tallinn na 2017 kan yadda dokar ƙasa da ƙasa ta shafi harin intanet, da ake yawan kafa hujja da shi ma, ra'ayin masana ne, ba doka ba. Sannan "ana cewa" ba shaida ba ce: harin muguwar manhajar NotPetya na 2017, Amurka da Birtaniya sun ɗora wa sojan Rasha, Rasha ta musanta.

Ni inda nake so ka duba shi ne takardar inshorarku, in kuna da ita. Yawancinsu na da sharaɗin cewa ba a biyan ɓarnar yaƙi, kuma masu inshora ba sa kasala wajen fakewa da shi. Haka suka yi wa kamfanin magunguna na Merck bayan NotPetya, kan asarar kusan dala biliyan 1.4. Kotunan New Jersey sun goyi bayan Merck, amma a ƙarshe sulhu aka yi a 2024, bayan shekaru ana ja.

Don haka ka daina kiran abin "yaƙi" a rubuce, kada ka wasa musu wuƙa da hannunka. Kada a goge kwamfutocin kafin ƙwararre ya kwafi abin da ke ciki. Sanar da hukuma da masu inshora cikin wa'adi, wannan ba sai na faɗa ba. Ka kai wa lauyanka takardar ya karanta sharaɗin kalma-kalma, sannan ku nemi zaman sasanci da su.