Amsa ga 'yata da ke Yamai a kan kwanon ciyayya

'Yata, saƙonki ya same ni a nan Tawa, kuma sai da na kwana da shi kafin in amsa. Kin tambaye ni ko ciyayya, wato aika kwanon tuwo gidan maƙwabta da kai wa marasa lafiya fura, umarnin Littafi Mai Tsarki ce ko kuwa gadon iyaye kawai, tun da hatsi ya yi tsada a Yamai, albashin maigidanki ba ya kai ƙarshen wata, ke kuma kina zubawa ranki ba daɗi.

Ciyayya ta girmi zuwan bishara ƙasarmu. Kakanninmu sun yi ta kamar yadda suka yi gayya a gona, maƙwabtanmu Musulmi kuma suna yin ta har gobe, kuma babu ayar da ta ce a aika kwano da magariba. Abin da bangaskiya ta taɓa shi ne lissafin da ke cikinta. A al'ada ƙwarya ce ke bin ƙwarya, gidan da ya aiko miki shi kike aika wa, amma a Luka sura 14 Yesu ya ce idan za mu yi biki mu kira matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba su da abin rama mana.

Ban gane wannan ba sai a 1984, shekarar yunwar da ake kira El-Buhari, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Ina amarya a Galmi, kusa da asibitin mishan da aka buɗe a 1950, mutanen arewa waɗanda dabbobinsu suka mutu suna zaune a gindin itatuwa suna jinyar 'yan uwansu. Kakarki takan raba tiyar geronmu ta ware kashi guda, ta dama kunu ruwa-ruwa, ta ɗora mini ƙwaryar a kai. Ina tafe ina gunaguni a zuci, domin na san iyakar abin da ya rage a rumbu. Wata rana muka tarar da wata Bafulatana da yaronta a cinya, ya kasa ɗaga kai. Kakarki ta zauna a ƙasa, ta riƙa ɗiga masa kunun da bakin ludayi kaɗan-kaɗan har inuwa ta juya, ita da uwar ba mai jin harshen wata. A hanyar komawa na ji tana rera waƙar sujada, ni ma na kama amshi ban sani ba.

Daga baya na lura cewa ranar da muka zauna gida, rumbu nake aunawa da ido har dare, in kwanta barci ya ƙi zuwa. Ranar da muka fita kuwa nakan yi barci kamar yarinya. Wahala takan kulle mutum a ɗaki shi kaɗai da damuwarsa, har ya ɗauka duk garin shi ne aka fi matsa wa, hidima kuma ita ce ta fitar da ni daga wannan ɗakin.

Kada ki ɗauka ciniki ne da Allah. Masu wa'azin da ke cewa ki ba da jika guda ki karɓi goma ba na tare da su, domin a shekarar nan awakinmu duka muka sayar, kakarki kuma ta koma ga Ubangiji ba ta bar kome ba sai tukwane. Ko Hajiyar da ta ɓoye ku a ɗakinta ranar 17 ga Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Yamai, ba bashin tuwo ta biya ki ba. Shekarun da kwano ya yi yana kai da komo ne suka sa kowace ta san zuciyar 'yar uwarta.

Saboda haka ki rage girman kwanon, kada ki ci bashi dominsa, kuma ki yi shawara da maigidanki tukuna. Ranar da babu hatsi, akwai wankin maijego, akwai zaman jinya a asibiti tare da matan zumunta. Game da rashin daɗin ran da kika ambata, ina zargin kin saba ba yaro kwano ya kai, ke kina madafa kina ƙirga abin da ya fita, ba ki taɓa ganin fuskar mai ci ba. Na ba direban motar Asabar tiya biyar ta gero da ɗan albasar Galmi ya kawo miki. Tiya guda ta tsohuwar nan ce da ke bayan gidanku, wadda ba ta da kowa. Ki kai mata da ƙafarki, ki zauna a tabarmarta har ta gama labarinta. Ki gaida maigidan da yara.