Ina zan kai ƙarar alƙalin da nake zargin ya karɓi toshiyar baki?

Ɗan'uwa, ka ce alƙali ya yi ta ɗage shari'ar gonarku, sannan ka ga abokin shari'arka yana shiga ofishinsa shi kaɗai, kana tambayar inda za ka kai kuka.

Fara duba wace kotu ce. In majistare ne ko alƙalin ƙaramar kotun shari'ar Musulunci, Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiharku ce ke hukunta shi, kuma Babban Jojin jiha ne shugabanta. In kuwa na Babbar Kotu ne ko Ƙadin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, sai Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa (NJC) a Abuja. Ƙa'idojinta na 2017 sun ce a kai koke a rubuce cikin wata 6 da faruwar abin, haɗe da takardar rantsuwa daga kotu. Tana iya gargaɗi, ko dakatarwa, ko ta ba gwamna ko shugaban ƙasa shawarar tsige shi.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe: koke ba ya soke hukunci. In hukuncin ne bai yi maka ba, ɗaukaka ƙara za ka yi, kuma wa'adinta ba ya jiran kowa.

Rubuta lambar shari'a, ranakun da aka ɗage, ranar da ka ga ganawar, da wanda ya shaida. "An ce" ba hujja ba ce. Don Allah kada ka baza sunan alƙalin a Facebook, za a iya maka ka da ɓata suna.

Nemi lauya ya duba takardar, ya kuma gaya maka ko za a iya roƙon Babban Joji ya mayar da shari'ar wata kotu. In ba hali, je ofishin Legal Aid Council na jiharku, wato hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali da lauya.