Tambaya da Amsa: Wane aiki zan yi da hannuna a ginin gidana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin firamare ne, shekarata tara ina haya a Ɗorayi. Allah ya hore min fili a Gaida, na karɓo izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, na kuma tara abin da zai kai ni linta in an yi tattali. Ɗaki biyu ne da falo, da kicin da banɗaki. Ga dogon hutu na tafe, ga ƙannena biyu majiya ƙarfi ba sa aikin komai. Wani abokina ya ce jera bulo ba wani abu ba ne, in kalli bidiyo a YouTube mu yi da kanmu, kuɗin birkila ya koma siminti. Baba, wanne zan iya, wanne zan bari?
Malamin makaranta, daga Ɗorayi

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa a gama lafiya, ya raba ka da sallamar mai gidan haya a ƙarshen shekara.

Bari in fara da abokin nan naka. Ka tambaye shi ko ya taɓa ɗaure igiya ya fitar da kusurwa. Ɗora bulo kan bulo kowa zai iya, ɗan shekara goma ma zai iya. Abin da kake biyan birkila a kai shi ne bango ya tashi a miƙe, kusurwa ta zauna daidai, saman gini ya zo kai ɗaya. In bango ya karkace da faɗin yatsa biyu ba za ka gani ba ranar. Sai mai filasta ya zo ya ce sai an ƙara buhu kaza kafin a cike cikin, sai kafinta ya zo katako ya ƙi zama, sai mai tayil ya yi ta yanka kamar tela. Kuɗin da ka hana mutum ɗaya sai ka biya mutum uku. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ni da nake gaya maka, na haura shekara talatin ina riƙe da cokalin gini, amma lokacin da nake nawa gidan na ce me zai sa in biya mai aikin famfo a kan ɗan bututun banɗaki? Na haɗa da kaina, na shafa gam, na binne, aka shimfiɗa tayil a kai. Wata huɗu bangon ɗakin uwargida ya fara jiƙa daga ƙasa, fenti yana kumbura yana zubowa. Mahaɗa ɗaya ce ban zaunar da kyau ba, kuma ban saki ruwa na gwada ba kafin in rufe. Sai da aka fasa rabin tayil ɗin. Har yau in na cika baki a gida ana tuna min.

To sai ka naɗe hannu? A'a. Akwai aiki mai yawa da ya fi dacewa da kai fiye da kowa, kuma a nan kuɗin yake.

Na farko, sayayya. Kada ka ba wa kowa kuɗi ka ce ya sayo maka. Ka je Ƙofar Ruwa da ƙafarka ka tambayi rodi a shago uku kafin ka ciro ko sisi. Cikakken rodi tsawonsa mita 12 ne, kuma in an ce maka mai milimita 12 ne, to a gwada a gabanka, don akwai ramamme da ake sayarwa da sunan cikakke. Katako ka leƙa 'Yan Katako a Na'ibawa. Buhun siminti kilo 50 ne. Ka taɓa shi, in ka ji ya yi dunƙule-dunƙule a ciki ya sha danshi, bar musu abinsu. Bulo kuwa, ka ɗaga ɗaya zuwa ƙirjinka ka saki. In ya watse ya koma yashi, ka yi gaba, kome arharsa. Lissafin ma ba zai gagari malamin makaranta ba: murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kamar 10, sai ka ƙara kaɗan saboda waɗanda za su fashe. Ka sami littafi irin na rajistar ɗalibai, duk abin da ya shigo fili ka rubuta, duk buhun da aka farke ka rubuta. Da yamma ka ƙirga fankon buhu. Ba zargin kowa kake ba, amma ma'aikaci in ya san ana ƙirgawa, hannunsa yakan yi nauyi wajen ɓarna.

Sai ban ruwa, wanda ni a wajena shi ne sarkin ayyukan mai gida, kuma shi aka fi wulaƙantawa. Mutane suna zaton siminti bushewa yake yi ya yi ƙarfi. Ba haka ba ne. Ruwa yake sha ya yi ƙarfi, in ya bushe da wuri ƙarfin ya tsaya a nan. Kankare yana son a riƙa jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana 7, kuma sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. A garin nan da zafin bazara ke haura digiri 40, ko lokacin hunturu da iska ke tsotse komai, kankaren da aka zuba da safe kafin la'asar ya fara tsattsagewa. Birkila ya karɓi kuɗinsa ya tafi wani aikin, ba zai dawo ya yi maka ban ruwa ba, ko ya ce zai dawo. Wannan naka ne da ƙannenka. Ku tanadi duro biyu, ku shirya da mai kurar ruwa tun kafin ranar zubi, ku rufe linta da fankon buhu a jiƙe. Bulon da aka buga ma haka, filasta ma haka.

Ƙannen naka ga inda ƙarfinsu zai yi rana: haƙar fandisho bayan magini ya zana layi ya faɗi zurfin, ɗibar bulo daga inda mota ta sauke zuwa bakin aiki, tura baro, da ciko. A cikon nan ku yi haƙuri, kada ku juye tifa guda cikin ɗaki ku baje. Ku zuba kamar tsawon taƙi ɗaya, ku yayyafa ruwa, ku daddaka, sannan ku ƙara. Daɓen da kake gani ya lotsa a tsakiyar falo bayan shekara biyu, gaggawar ciko ce. Amma ka sa musu wani abu a aljihu duk yamma, ko rabin kuɗin lebura ne. Ɗan'uwa in ya yi kwana uku yana cin rana kyauta, ran na huɗu ciwon baya zai kama shi.

Ka kuma yi wa birkilanka bayani tun farko cewa leburorin naka ne, ku yi jinga a kan haka. Wasu ba sa so, don sun saba da yaransu, kuma suna da gaskiya: kwaɓa kankare ba juya shebur kawai ba ne. Ka roƙe shi ya zo da yaronsa ɗaya da zai tsaya kan awo. Na linta da ginshiƙi yawanci kwano ɗaya na siminti ne, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kuma kada a cika ruwa don a ji sauƙin juyawa.

Abin da ba za ka taɓa ba: ɗaurin rodi, ginshiƙi, linta, ɗora rufi, da wayar wuta. Waɗannan kuskurensu ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, rai ne. Amma in mai wayarin ya zana maka hanyar bututu a bango da alli, kai da ƙannenka za ku iya sassaƙawa. Kafin a yi filasta ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka ka adana. Ranar da za ka kafa ƙusar labule za ka yi min addu'a. Fenti ma naka ne in lokacinsa ya zo, muddin ka bar filasta ta sha iska kamar wata guda.

Abu ɗaya ya ɗan dame ni a wasiƙarka. Dogon hutunku yana faɗawa ne a Agusta, tsakiyar damina. Kankare zai ji daɗi, amma ramin fandisho zai cika da ruwa in ya kwana a buɗe, kuma tifa ba ta son hanyar sabuwar unguwa in ta jiƙe. Ka sa a kawo maka yashi da tsakuwa tun yanzu, kafin ruwa ya zauna. Siminti kuwa kada ka tara, ka riƙa sayen na sati ɗaya, ka jera shi kan katako a ɗakin wani maƙwabci da ya riga ya yi rufi.