Sos ɗin attarugu na gida: dole sai an tsima shi?

'Yar'uwa, kin tambaya ko dole sai an tsima attarugu kafin a haɗa sos mara sukari da sinadarin ɗanɗano. Ba dole ba ne, amma tsimammen, wato wanda aka bari da gishiri a kwalba har ya yi tsami, ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Yanka attarugu da tattasai rabin kilo, ƙara tafarnuwa, sai gishiri giram 15. Danna su cikin kwalba har ruwansu ya rufe su, don wanda ya leƙo sama shi ke yin hunhuna. Kullum ki sassauta murfin iska ta fita. Da zafi kwana 5 ya isa, da hunturu yakan kai mako 2. Sai ki markaɗa da ɗan ruwan khal, ki sa a firji. Ki sa safar hannu fa, attarugu ba ya wasa.